Yarinyar da Nake Kira Ke

Saƙon ya shigo wayata ina ɗakin gwaje-gwaje a titin Jalan Semarak, hannuna cikin safar roba, ina jiran wani gurɓataccen ruwa ya kwanta a kwalba. Daga makarantar yarana ne. Wai baƙuwar malamar da ke koyar da rubutun labari tana son ganina, ni kaɗai, a kan wani abu da babbar 'yata ta rubuta. Sau biyu na karanta. Duk uwar da ke da budurwa 'yar shekara sha huɗu ta san inda hankali yake fara zuwa. Na ce shi ke nan, an kama wasiƙar saurayi.

Tana da shekara shida muka zo Kuala Lumpur, lokacin da babanta ya samu tallafin karatun digiri na uku. Ya gama, aka riƙe shi koyarwa, ni kuma na fara nawa a kan tace ruwan sha. Muna zaune a unguwar Setapak, hawa na sha huɗu, mu biyar: ni, shi, ita, da ƙannenta biyu. Hausa tana jin ta sarai, har zagi ma tana ganewa tun kafin a ƙarasa shi. Amma in ka yi mata magana da Turanci za ta amsa, ta liƙa masa "lah" a wutsiya kamar 'ya'yan gari.

Ita wannan baƙuwar malama na san ta tun kafin in gan ta, don wata biyu ke nan ba a cin abinci a gidana sai da ita. Malamarmu ta ce kaza, Malamarmu ta ce kaza. Malamarmu ta ce kada ka rubuta mutum yana baƙin ciki, ka rubuta abin da hannunsa yake yi. A bakin yarinyar na haddace tarihinta kaf. A Amurka aka haife ta, iyayenta daga kudancin Indiya suka je can. Ta yi shekaru tana koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati, tana tashi da sassafe ta rubuta shafi biyu kafin ta kama hanyar aji. Littafinta na farko ya zaga kamfanonin ɗab'i yana dawo mata har ta daina ƙirgawa, ɗalibanta kaɗai ke karanta shi a takardun da take gurza musu a injin makaranta. Daga baya aka buga shi, ya ci wata kyauta, wasu littattafan suka biyo baya, duk don matasa. Ba ta ajiye alli ba duk da haka. Ta ce ranar da ta daina shiga aji, ranar za ta manta yadda yara suke ƙarya. Makarantar yarana ta gayyato ta zango ɗaya.

Na karanta biyu daga cikin littattafan a jirgin ƙasa na LRT, don in san wadda ta ƙwace mini 'ya. Tana da alƙalami, wannan ba zan hana ta ba. A na farko yarinya ce 'yar baƙi, uwarta mai ɗaure fuska, sai a babin ƙarshe uwar ta rungume ta ta ce tana son ta. A na biyu yaro ne da ubansa, su kuma a cikin mota suka rungumi juna. Na ce wa maigidan matar nan tana da kirki, ba ta barin kowa ya fita daga littafinta bai rungumi wani ba.

A ɗakin karatun makarantar muka haɗu, bayan an tashi. Gajeruwa ce, furfura ta fara mata kuma ba ta rina ta ba, doguwar rigar Indiyawa a sama, takalmin gudu a ƙasa. Ta zaunar da ni a kan wata kujerar yara da gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Ta fara da yabo, kamar yadda likita yake fara tambayar mutanen gida kafin ya faɗi sakamako. Ta ce a duk shekarunta na koyarwa yara kaɗan ta gani masu kunne irin na 'yata. Sannan ta turo mini takarda.

Layin farko cewa ya yi: mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba.

Na ci gaba. Wai ina kiran sunan ƙaninta sau arba'in a wuni, yawanci da ƙarfi. Wai ina iya faɗin sunan ƙwayar cuta mai tsawon layi guda ban yi tuntuɓe ba. Amma ita da kalma ɗaya nake kiran ta, "ke", irin kiran da ake yi wa wadda ba a sani ba ta yar da abu a tashar bas. Wai ko a takardun makaranta in zan rubuta sunan sai na kare shi da hannu kamar mai jarrabawa. A ƙarshe ta ce ta daɗe tana neman laifin da ta yi tun tana jaririya, ba ta gano shi ba.

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, ta jin daɗin babu saurayi a ciki. Wannan shi ne kuskurena na farko a ranar.

Mene ne abin mamaki a nan? 'Yar fari ce. A gidan da na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Ga shi kuma sunan mahaifiyar babanta aka sa mata. Ke nan kwaɗo biyu ne a kan sunan: na 'yar fari da na suruka. Da a gida muke, da tuni dangi sun laƙaba mata wani abu kowa ya bi, ita ma da ta ga goma irinta a unguwa. Amma a nan malamai da sunan yanka suke kiran ta, ƙawayenta haka, mai gadin bene haka, har mai shayin ƙasan gidanmu ya iya shi. Duk garin nan ni kaɗai ce ban iya ba, kuma ni ce na haife ta.

Marubuciyar ba ta yi dariya ba. Ta haɗa hannuwa a kan tebur ta ce, "Mene ne sunanta?"

Na ce, "Ga shi nan a saman takardar."

Ta ce, "A bakinki nake so in ji."

Nan raina ya ɗan ɓaci. Ni da na tsaya gaban furofesoshi na kare bincikena da Turanci, yau an zaunar da ni a kujerar 'yan firamare ana yi mini jarrabawar baki. Na ce bari in yi mata bayani a taƙaice ta san ba da jahila take magana ba. Abin da nake so in ce shi ne kunyarta nake ji, kunya irin ta 'yar fari. Na miƙa hannu cikin Turancina in ɗauko kunya, sai na ci karo da kalma ɗaya tak da malamin aji uku ya koya mana da bulala a hannu. Na gyara zama, na ce da ita cikin natsuwa, "She is my first child, so I am ashamed of her."

Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnen mai Turanci. A wurinsu wannan kunyar ta wanda ɗansa ya yi sata ce, ta wanda yake fatan da bai haifa ba. Idon marubuciyar ya bar fuskata ya wuce ta saman kafaɗata. Na waiwaya. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a baya, ta zo mu tafi gida tare.

A motar hayar da muka kira, ruwan la'asar ya sauko, hanya ta cushe. Ta liƙa goshinta a gilashi. Na tattara duk dabarata na buɗe baki, kuma kalmar da ta fara fita ita ce, "Ke." Na ga kafaɗarta ta motsa. Na ce ba haka nake nufi ba, Turancin ne ya kwafsa mini, a Hausa abin yana da kyau. Ta ce, "Boleh," ba ta juyo ba. Kalmar Malay ce ta "to, babu damuwa", wadda take faɗa wa mai kanti in ya ce babu canji.

Da ta yi tsiwa da na san yadda zan yi da ita, don a wannan fannin ba a bar ni a baya ba. Ba ta yi ba. Ta yi wanke-wanke, ta yi wa ƙanwarta kitso, ta gaishe ni da safe kamar yadda ake gaida matar maƙwabci. Komai na ce, boleh. Aka daina cin abinci da Malamarmu, tebur ya yi tsit, har na fara kewar matar. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na ga yarinyar nan tana haɗa kayanta a hankali tana fita daga hannuna alhali tana zaune a falona, kuma na san in ta girma da wannan jimlar a cikinta, babu bayanin da zai cire ta.

Na kai ƙara wurin babanta. Yana duba takardun ɗalibai, bai ko ɗago ba ya ce, "To ki kira mana, mene ne a ciki? Zamani ya canza."

Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Bismilla, fara kira in ji yadda ake yi."

Sunan mahaifiyarsa ne fa. Shekara sha huɗu "uwata" yake ce wa yarinyar, ko a filin jirgi fasfo yake miƙawa ya yi shiru. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya tuna yana da taro.

Ana nan sai marubuciyar ta aiko tana so mu sake haɗuwa, ba a makaranta ba. Na ce ta same ni a shagon mamak da ke ƙasan benenmu, wurin Indiyawa Musulmi masu shayi da gurasa, ranar Asabar da hantsi. Ta zo a kan lokaci. Da mai kawo abinci ya tsaya a kanmu ta yi masa magana da yarensu na Tamil, a hankali, tana lalubo kalmomin. Ya saurare ta da ladabi har ta gama, sannan ya amsa mata da Turanci. Na ga kunnenta ya yi ja. Ta ce Tamil ɗinta na kicin ne, ya tsaya a inda yake tun tana shekara bakwai. A raina na ce ashe ke ma.

Ta ba ni haƙuri. Ta ce a duk duniya ita ce bai kamata ta yi mini wannan tambayar ba. Sannan ta ba ni labarin da ba ya cikin tarihin da yarinyar ta haddace.

Mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunan mahaifinta ba. Shekara arba'in da aure, in tana son sa sai ta ce, "Kana ji?" Daga kicin, daga lambu, a tsakiyar kanti cikin Turawa, kana ji. Ita kuma tana yarinya a Amurka, tana ganin iyayen ƙawayenta suna kiran juna da suna har da gutsure shi, sai ta yanke hukunci cewa gidansu babu so, zaman haƙuri ne kawai. Wannan ta zuba a littafinta na farko, wanda ya ci kyautar. Uwar ta sa tufafinta mafi tsada ta je bikin, ta tafa, ta kawo littafin gida ta ajiye a kabad ɗin gilashi tare da kwanukan baƙi. Ba ta taɓa ce mata komai a kansa ba.

Ta ce, "Ranar da babana ya rasu, ma'aikacin asibiti ya tambaye ta sunan mamacin. Ta juyo ta ce mini, ki gaya masa. Na zauna da ita wata uku bayan nan. Sai in ji ta daga kicin ta ce, kana ji, sannan ta yi shiru." Ta juya cokali a kofinta. "Da kuskuren fassara na ci kyauta. Har yau ana koyar da littafin a makarantu."

Na ji tausayinta, na kuma ji daɗi, don na ɗauka yanzu za ta ce in bar abina yadda yake. Ina! Ba a banza ta yi shekaru a aji ba. Ta ce, "Duk da haka ki kira. Sau ɗaya. Abin da na gane ina da shekara arba'in bai amfane ni ina sha huɗu ba. Ita a nan take zaune, da Turanci take jin ciwo."

Na ce, "Babin ƙarshenki kike nema a kicin ɗina."

Ta yi dariya har ta ƙware. Da ta lafa sai ta zaro ɗan littafi daga jaka ta ce in taimaka in rubuta mata yadda ake rubuta kunya. Na rubuta mata. Shayin ma ni na saya.

Mako guda ina gwaji. Na gwada a lif in ni kaɗai ce, na gwada a banɗaki famfo a buɗe. Duk sanda na kai harafin farko sai in ji kamar surukata tana tsaye a bayana da carbinta, baiwar Allah da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. A ɗakin gwaje-gwaje na faɗa wa kwalba rabinsa, wata abokiyar karatuna 'yar Malay ta leƙo ta ce ko waya nake yi. Mace da 'ya'ya uku, ana gab da kiran ta dakta, tana koyon kalma mai gaɓa uku kamar 'yar aji ɗaya.

Ranar Lahadi bayan azahar na same ta a kicin tana wanke shinkafa, ta ba ni baya. Babanta ya fita da ƙananan. Na tsaya a bakin ƙofa, na riƙe ƙyauren, na ce bismilla a zuci, na kira sunan. Cikakkensa. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na shirya, a bushe, kamar ana kiran mai ƙara a kotu.

Bayanta ya sandare. Ta juyo da hannu jiƙe, idonta waje, ta ce, "Umma, Hajiya ce? Rasuwa ta yi?"

Da Hausa ta faɗa. Rabon da in ji jimla guda ta Hausa a bakinta har na manta. Ashe a tunaninta babu abin da zai sa wannan suna ya fito daga bakina sai in mai shi ta asali, surukata, ta cika.

Na ce, "Babu wanda ya rasu. Ke nake kira."

Ta dube ni. Sannan ta koma Turancinta ta ce ranar Alhamis ta kira Inna, wato mahaifiyata, ta bidiyo. Malamarsu ce ta ce kafin ka rubuta mutum ka tambayi waɗanda suka san shi tun kafin a haife ka. Ta ce wa Inna, mene ne sunan 'yarki ta fari? Inna ta ce sabis ba kyau. Hoto kuwa tar, har kajin tsakar gida ana gani. Ta sake tambaya. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta shiga lissafo mata sunayen ƙannena takwas da ba a tambaye ta ba, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ta matso da fuskarta jikin wayar ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ita waccan tana cin abinci kuwa? Na gan ta a hoto duk ta rame."

Ni ce waccan. Shekara arba'in ke nan ni ce waccan, kuma ban taɓa kwana ina shakkar wace ce Inna ta fi ji da ita ba. Ban taɓa tunanin abu ne da sai an gaya wa mutum ba. Sai na yi abin da na fi iyawa, na hau faɗa.

Na ce, "Tun Alhamis kin sani, kika bar ni ina magana da kwalba?"

Ta ce, "So nake in ga ko za ki iya."

Na duba ludayi na duba ta. Allah ya taimake ta yana nesa.

Ta ce, "Kada ki sake, Umma. Bai dace da bakinki ba lah." Ta sunkuyar da kai tana juya shinkafar da yatsa. "Na san ba abin da kike nufi ke nan ba ranar nan. Amma na ji shi. Zai ɗan daɗe."

Na ce na sani. Ba mu rungumi juna ba, marubuciyar ta yi haƙuri. Ruwa yana ta zuba a kan shinkafar har ya fara kwashe ta yana kaiwa rariya, ni kuma shekara uku ke nan ina bincike a kan yadda ake wahala kafin a samu ruwa mai kyau.

Na ce, "Ke."

Ta ce, "Na'am."

"Kashe famfon nan."

Labarin nata yarinyar ta karanta shi a taron ƙarshen zango, ba ta taɓa layin farko ba, abin da ya biyo baya ne ta sake. Marubuciyar ta koma ajinta a Amurka da kunyata a cikin jaka, ban san me za ta yi da ita ba, ina dai fatan wannan karon za ta tambayi wani kafin ta fassara. Ni kuwa ban sake kiran sunan ba, kuma ko a nan ba za a same shi ba. Amma akwai abin da na kasa faɗa a kicin, ban kuma iya faɗa a mota ba. Ina son yarinyar nan fiye da yadda ya kamata uwa mai kunya ta bari a sani. Na rubuta shi da Hausa ne, a can ƙarshe, don na san sai ta sha wuya kafin ta iso wannan layin.